RIƘON YARAN SHAGO A BRIK: SA IDO KO SANIN HALI?

Sanin kowa ne cewa da zarar azumi ya raba tsakiya, barci kan ƙaurace wa telolin Briqueterie. Haka ma idan watan Fabrairu ya kusa ƙarewa, mata suka fara kawo atamfar bikin 8 ga Maris. Kekuna na kuka har asuba, shadda da yadi sun yi tsibi a kan tebur, mai guga na gefe yana sharce gumi, masu kaya kuma na tsaye a bakin ƙofa, kowa na cewa yau aka yi masa alkawari. To, a irin wannan lokaci ne akan bambance maigidan da ya iya riƙon yara da wanda bai iya ba. Akwai shagon da za ka shiga ka tarar maigida ya tafi kasuwar Mokolo sayen zare, amma aiki na tafiya kamar yana zaune. Akwai kuma wanda maigida ke tsaye ƙiƙam a kan yara tun safe, ko salla a gurguje yake yi ya dawo, amma duk da haka kayan mutane ba sa fita a kan lokaci, kuma bayan Salla da mako biyu sai ka ji babban yaronsa ya tattara nasa ya nasa ya koma wani shago.

Wannan magana ba ta teloli ce kaɗai ba. Ta shafi masu soya da kilishi, da mahautan da ke sammako zuwa mayankar Etoudi, da masu shagunan yadi, da shugabannin makarantun Islamiyya, har da masu riƙe da ƙungiyoyinmu. Unguwar nan tamu ta Ekoudou, wadda ta samo sunan da aka fi saninta da shi daga masana'antar bulo ta zamanin Jamusawa, sana'a ce ta kafa ta, sana'a kuma ke riƙe da ita. Kusan duk magidancin da ka gani a Brik, ko dai yana da yara a ƙarƙashinsa, ko kuma shi ma yaron wani ne. Saboda haka yadda ake zama tsakanin maigida da yaro, shi ne rabin zaman lafiyar unguwa.

Bari mu fara da maigida mai sa ido, domin kowa ya san shi. Yawanci ba mugu ba ne, kuma yawanci gwani ne a sana'arsa. Gwanintar ce ma ta jawo masa. Shi ke auna mutum, shi ke yanka, shi ke zaɓen zare, shi ke karɓar kuɗi, shi ke ba da canji. Almakashi na aljihunsa kamar laya. Yaro ya shekara biyar a hannunsa bai taɓa yanka yadin kowa ba, sai dai sa maɓalli da kalmasa. Idan yaro na ɗinki, maigida na bayansa yana leƙe, kafin a kai ƙarshen layi ya ce a tsaya, ya warware, ya zauna ya yi da kansa. Idan mai kaya ya yi ƙorafi, a gabansa za a wanke yaro tas, a kira shi daƙiƙi, don dai mai kaya ya san laifin ba na maigida ba ne. A wurin mai soya ma haka abin yake: shi ke fiɗe nama, shi ke haɗa yaji a ɓoye, yaro kuwa hura wuta da naɗe takarda. Da dare kuma ka ji shi a majalisa yana kuka da yaran zamani, wai ba su da kan gado, ko motsi ba sa yi sai an ce su yi.

Ai kuwa gaskiya ya faɗa, ba sa motsi sai an ce. Amma wa ya koya musu haka? Yaron da duk abin da ya yi da kansa sai an warware, lalle zai gane cewa hanya mafi sauƙi ita ce ya naɗe hannu ya jira umarni. Wannan ita ce asara ta farko. Ta biyu ta fi ta ciwo, wato ɓoye kuskure. A ce yaro ya ƙona gefen shaddar Getzner da dutsen guga, ko wuyan riga ya karkace. Idan ya san faɗar gaskiya za ta jawo masa zagi a bainar jama'a da yanke kuɗin abinci, to zai ninke rigar ta yadda ba za a gani ba, ya sa a leda. Mai kaya ba zai gano ba sai safiyar Idi, lokacin da babu sauran gyara. Da an faɗa tun daren jiya, da an san dabarar yi. Yanzu kuwa an rasa shadda, an rasa mai kaya, an rasa duk danginsa da abokansa.

Wata malama a Jami'ar Harvard ta Amurka, Amy Edmondson, ta ci karo da irin wannan a wani bincike da ta buga a 1996 kan ma'aikatan asibiti. Ta shiga aikin ne da zaton rukunin da ya fi kyakkyawan shugabanci shi zai fi ƙarancin kuskure wajen ba da magani. Sai lissafi ya nuna mata akasin haka: rukunonin da suka fi jituwa da shugabanninsu su ne aka fi rubuta wa kuskure. Da aka bi diddigi, sai ta bayyana cewa ba sun fi sauran yin kuskure ba ne, sun dai fi su faɗa idan sun yi, domin ba sa tsoron abin da zai biyo baya. Waɗancan kuwa shiru suke yi. Mai karatu ya auna wannan da shagonsa. Idan wata shida suka wuce babu yaron da ya zo ya ce maka, Maigida na yi ɓarna, kada ka yi saurin murna.

Wani zai ce wannan ai maganar Turawa ce, mu a gidanmu da tsawa muka tashi. To, mu waiwayi gidan namu. Kakanninmu da suka iso Yawunde ba jirgin ƙasa ya kawo su ba, domin layin dogo bai kai Ngaundere ba sai 1974. Da ƙafa suka zo, cikin ayari, ta Adamawa. Ayari kuwa makaranta ce ta shugabanci. Fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, mutane ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, ga jakai, ga 'yan alaro, ga mata masu dafa abinci. Madugu ba shi ne mai kayan ba. Kowane falke da dukiyarsa da yaransa, kuma babu wanda ya tilasta masa bin wane, sunan madugu ne ke tara masa jama'a. Shi kuma ba ya bin jakai yana duba ɗaurin mangala. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da zango, akwai uban dawaki da ke tattara kuɗin da za a biya a mashigai da garuruwa, akwai malamin ayari mai rubutu da addu'a. Kowa an bar masa fanninsa. Abin da ya rage wa madugu shi ne abin da babu mai iya yi sai shi: ya zauna da sarakunan hanya a daidaita abin da za a biya, ya raba gardama tun ba ta zama faɗa ba, ya dubi fuskokin mutanensa ya san ko za su iya ƙarin tafiyar yini ɗaya ko kuwa a yada zango a huta. Madugun da bai iya karanta gajiya da tsoro da fushi a fuskar mutane ba, baɗi ba zai sami mabiya ba.

Har Bature ya san darajar irin waɗannan mutane. Eduard Flegel, Bajamushen da ya kai Ngaundere a 1882, da madugan Hausawa ya dogara, kuma da zai koma gida a 1884 ya tafi da biyu daga cikinsu har Berlin. Ɗayansu shi ne Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, wanda ya daɗe yana fatauci a Adamawa, aka kuma rubuta tarihin rayuwarsa. Abin da Flegel ya saya a wurinsa ba ƙarfi ba ne, sanin hanya ne da sanin mutane.

A Sabon Ibadan ma, unguwar da kamanninta da Brik ba kaɗan ba ne, masanin nan Abner Cohen ya zauna da Hausawa a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa a 1969. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne yadda ake sayar da shanu bashi ga mahautan Yarabawa, kuɗi masu yawan gaske, babu takarda babu sa hannu. Maigida shi ke tsayawa lamuni tsakanin mai shanu da mahauci, yaransa kuma su ke shiga kara su yi ciniki su karɓo kuɗi. Ba zai yiwu maigida ya tsaya a kan kowane ciniki ba. Me ya riƙe yaran? Cohen ya ga cewa maigida kan ba yaronsa wurin kwana, ya ciyar da shi, ya tsaya masa ya yi aure, ya tsaya masa in ya shiga matsala. Yaro kuma ya san duk ranar da ya ci amana, sunansa ya ɓaci daga Ibadan har Kano. Wato igiya biyu ce, alheri da suna, kuma babu wadda a cikinsu ke bukatar maigida ya tsaya a ƙeyar yaro.

Abin da masana na zamani suka sa wa suna basirar sanin zuciya bai yi nisa da wannan ba. Malamai biyu, Peter Salovey da John Mayer, su suka tsara maganar a 1990, sa'an nan littafin Daniel Goleman na 1995 ya yaɗa ta duniya. Taƙaicenta shi ne mutum ya san abin da ke motsi a ransa, ya iya danne shi, ya iya hango abin da ke ran wani, ya kuma san yadda zai bi da shi. Shekaru ashirin da ɗaya kafin Goleman, a 1974, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa, ya buga laccarsa kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, inda ya lissafa halaye goma, ciki har da haƙuri da hankali da kunya da mutunci da amana da adalci. Duk wanda ya ajiye littattafan biyu gefe da gefe zai ga hanya ɗaya suka biyo. Mu dai namu ya fi gajarta: babba juji ne. Musulmin cikinmu kuma sun san labarin Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma, ya kuma shaida cewa bai taɓa yi masa tsaki ko ya tuhume shi kan abin da ya yi ko ya bari ba. Muna jin wannan a wa'azi, mu girgiza kai, mu dawo shago mu ɗora daga inda muka tsaya.

A ganina, sashen da ya fi wa masu gida wuya shi ne na farko, wato sanin abin da ke ransu. Mafi yawan tsawar da ake yi wa yara a goman ƙarshe na azumi ba laifin yaran ba ne. Maigida ne ya karɓi ɗinki ɗari alhali ƙarfin shagonsa sittin ne, don ya kasa ce wa Alhaji wane a'a. Ga kuɗin haya, ga wutar lantarki da ke ɗaukewa a tsakiyar aiki, ga kayan Sallar iyalinsa. Tsoro ne ke cinsa, sai ya fito a matsayin faɗa, ya sauka a kan wanda ba shi da bakin ramawa. Maigidan da ya gane haka, ya ce wa kansa yau raina a ɓace yake, bari in yi shiru har in sha ruwa, ya riga ya tsare rabin ɓarnar ranar.

Sashe na biyu shi ne sanin cewa yara ba ɗaya suke ba. Akwai yaron da sai an ɗaga masa murya yake farkawa, kuma ba ya riƙe abin a zuci. Akwai wanda kallo ɗaya ya ishe shi, in ka zage shi a gaban mutane ya tafi ke nan ko da jikinsa na zaune a kan keke. Akwai wanda ya zo daga Garwa ko Marwa ko Maraɗi, ba shi da kowa a Yawunde sai kai, in ya yi shiru kwana biyu wataƙila saƙo ya zo masa daga gida cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya, kunya ta hana shi roƙon kuɗin mota. Maigida mai hankali zai ja shi gefe bayan la'asar ya ce, wane lafiya kuwa, na ga ba ka cin abinci. Mai sa ido kuwa abin da zai gani kawai shi ne aiki ya ragu. Dukansu biyu suna kallon yaron, sai dai ɗaya hannunsa yake kallo, ɗaya fuskarsa. Da ma an ce sanin hali ya fi sanin kama.

Yanzu sai mu zo kan hujjar masu sa ido, domin suna da ita, kuma mai ƙarfi ce. Babu layin da za ka bi a Brik ba ka sami wanda ya saki jiki da yaro aka kwashe shi ba. Wani ya tafi aikin Hajji ya dawo ya tarar shago ya zama kango. Wani yaronsa ya riƙa karɓar ɗinki a bayan idonsa, da zarensa da wutarsa. Wanda aka taɓa yi wa haka, ba ka da bakin ce masa ya yarda da mutane. Amma a nan akwai abubuwa biyu da muke cakuɗawa, lissafi da ƙwaƙƙwafi. Lissafi wajibi ne: yadi nawa ya shigo, nawa ya fita, nama kilo nawa aka ɗauko, nawa aka sayar, a rubuta, a zauna a ƙayyadadden lokaci a duba, kowa ya san ranar. Ƙwaƙƙwafi kuwa shi ne ka hana mutum numfashi tsakanin wannan zama da wancan. Abin mamaki, da yawa daga masu tsayuwa a kan yara ba su da ko littafi ɗaya. Idonsu ne littafinsu, shi ya sa ba sa iya matsawa ko nan da can, shi ya sa kuma ranar da ciwo ya kwantar da su komai ke watsewa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a Kano a 1955, da wakilai ya yi cinikin goro da gyaɗa a garuruwa masu nisa da juna, a zamanin da babu waya a aljihu. Da sai abin da idonsa ya gani zai yarda da shi, da bai tara azurfar da aka kai banki a kan raƙuma 20 a 1929 ba.

Su ma masu kwamfuta sun yi wannan gardama. A farkon shekarun 2000 kamfanin Google ya gwada kawar da shugabannin injiniyoyinsa gaba ɗaya, abin bai yi wata nawa ba aka dawo da su, don kowa ya riƙa kai ƙananan matsaloli wurin masu kamfanin. Daga baya suka bincika halayen shugabannin da suka fi cin nasara a cikinsu, sai iya koyarwa da sakar wa ma'aikata mara suka zo a sama, gwaninta a sana'ar kanta ta zo a ƙarshe. Wato rashin shugaba bai yi ba, shugaba mai shaƙe wuya ma bai yi ba.

Akwai kuma abin da masu gida da yawa ba su lura ya sauya ba. A da yaro kan jure komai don ba shi da wurin zuwa. Tun bayan karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da kuɗin ya rasa rabin ƙimarsa dare ɗaya, sana'ar bensikin ta buɗe wa matasa wata ƙofa. Yaron da ka zaga da safe zai iya samun babur haya kafin la'asar, ya kwana da kuɗi a aljihu, ko da kuwa sana'ar ba ta da tabbas kuma tana cin rayuka. Wanda ya ƙware kuma, wayarsa ta ishe shi: ya ɗauki hoton aikinsa ya sa a WhatsApp, masu kaya su bi shi har ɗakinsa, a biya shi ta Orange Money. Sai ga shi shekara biyar ko bakwai da maigida ya yi yana koyarwa sun tafi a banza, sana'ar da aka gada tun kaka da kakanni kuma tana rasa magada. Wayar nan dai ta zama sabuwar bulala a hannun wasu masu gida, kira goma kafin azahar, kana ina, me kake yi, turo mini hoto. Yaro ya ajiye almakashi ya amsa waya, sa'an nan a tambaye shi dalilin da aiki bai ƙare ba.

Masu son ƙwallo za su tuna 2017, lokacin da manyan 'yan wasa da dama, ciki har da Joel Matip, suka ƙi amsa kiran ƙasa, Hugo Broos ya tafi Gabon da waɗanda ba a sa wa rai ba, suka doke Masar da ci 2 da 1 a Libreville suka ɗauko kofi na biyar. Abin da aka fi yabawa a tawagar shi ne haɗin kai. Amma kada mu manta, da aka kasa samun gurbin gasar duniya ta 2018, an raba gari da shi. Kyakkyawan zama da mutane ba ya hana a tambaye ka sakamako, kuma maigidan da ya mai da shago majalisar shayi da sunan tausayi shi ma zai rufe.

To yaya ake sakin igiyar ba tare da ta tsinke ba? Tsofaffin teloli suna da hanyarsu, kuma ba a gaggauce suke yi ba. Yaro kan fara da yankan takardar siminti ko ragowar ƙyalle, daga nan wandon yara, daga nan yadi mai araha na mutanen gida waɗanda ba za su kai ƙara ba in an sami tangarɗa. Kafin a kai ga shadda an shekara ana gwada shi, kuma duk matakin da ya haye ba a dawo da shi baya don kuskure ɗaya. Idan aka ba shi riga, sai a faɗa masa ranar da ake so da irin aikin da ake so, a bar shi, a duba idan ya gama. In akwai gyara, sai bayan mai kaya ya fita, a kira shi ciki a ce, ɗana zo ka ga nan. In kuma aikin ya yi kyau har mai kaya ya yaba, maigida ya nuna shi ya ce, ai ga wanda ya ɗinka. Wannan kalma ba ta cin ko dala, amma akwai masu gidan da gara su ba da jaka biyar da su furta ta.

Sai maganar sallama, wadda ita ce yara suka fi yi a tsakaninsu idan maigida ya ba da baya. A al'adar fatauci, yaron da ya yi wa ubangidansa bauta ya san akwai ranar da za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, ya kuma ci gaba da zuwa gaisuwa da kawo ciniki. Yau a shaguna da yawa babu wanda ya san ranar, ba a ma taɓa tayar da zancen ba. Yaro mai shekara 27, yana son aure, yana ganin sa'o'insa na bensikin sun kama ɗaki, shi kuwa har yanzu kuɗin abinci ake miƙa masa, in ya tambaya a ce ya cika gaggawa. Wasu masu gida na tsoron in sun sallame shi zai buɗe shago a layin ya kwashe musu masu kaya. Zai buɗe ɗin, ko an sallame shi ko ba a sallame shi ba. Wanda aka saya wa keke aka yi masa addu'a a gaban dattawa, idan aiki ya yi wa tsohon maigidansa yawa a goman ƙarshe, shi ake aika wa riguna ashirin ya taya, kuma yakan ajiye nasa ya fara da su.